Polan: Cocin da ke sa wa giyar inabi albarka a Disamba, shi ke kiran a bar barasa a Agusta

A ƙasar Polan da ke tsakiyar Turai, bukukuwan Katolika na tafiya da abin shansu. Addinin Kirista ya kafu a can tun shekarar 966, lokacin da sarki Mieszko na ɗaya ya karɓi baftisma, kuma har yanzu kalandar coci ce ke nuna wa iyalai da dama ranar sha da ranar kamewa.

A daren 24 ga Disamba, jajibirin Kirsimeti, ba a cin nama, kuma bisa al'ada ba a kawo barasa. Abin shan daren shi ne kompot, wato busassun ƴaƴan itace irin su tuffa da ake dafawa cikin ruwa.

Ranar 27 ga Disamba kuwa, ranar tunawa da Yohanna almajirin Yesu, masu ibada na kai giyar inabi coci don limami ya sa mata albarka. Tushen al'adar wani tsohon labari ne da ke cewa an miƙa wa Yohanna ƙoƙo mai guba, ya yi addu'a a kansa, ya sha, bai cutu ba. A da, ana adana wannan giya a gida don marasa lafiya.

Sai dai Polan ta daɗe tana ɗanɗana kuɗarta a hannun barasa. Shekaru aru-aru masu manyan gonaki ne kaɗai ke da izinin dafa giya da sayar da ita a yankunansu, talakawan da ke yi musu noma su ne masu saye. Shaye-shaye ya yi katutu a ƙauyuka, har a 1844 wani limami mai suna Alojzy Ficek ya jagoranci gangamin daina shan barasa a yankin Silesiya. Ranar 26 ga Agustan 1956, zamanin mulkin kwaminisanci, ɗimbin masu ziyara a wurin ibada na Jasna Góra sun ɗauki alkawarin da Kadinal Stefan Wyszyński ya rubuta yana tsare, kuma yaƙi da maye na cikinsa.

Tun 1984 shugabannin cocin ƙasar ke kiran mabiya da su ƙaurace wa barasa duk tsawon watan Agusta. Watan na da nauyi a wurinsu: 15 da 26 ga wata ranakun girmama Maryamu ne, a cikinsa aka yi yaƙin Warso na 1920, a cikinsa kuma aka yi yajin aikin 1980 da ya haifar da ƙungiyar ƙwadago ta Solidarność.

Kiran ba doka ba ne, shagunan giya na nan a buɗe. Amma a majami'u da yawa ana ajiye littafi, wanda ya yi niyya ya rubuta sunansa: wani na wata guda, wani na shekara, wani har ƙarshen ransa.