Saƙon da Ya Ƙi Fitowa a Allon Linux

Mai kula da kwamfutocin ofis ya shiga wata na'ura daga nesa ta SSH, yana so ya sanar da mai ita cewa nan da minti goma za a kashe ta. Ya buga notify-send "A adana aiki", ya aika. Can ɗaya ofishin, allo shiru. Wani lokaci na'urar ta nuna kuskure, wani lokaci ko uffan.

Abin da ke ruɗa mutane shi ne zaton notify-send ne ke zana akwatin saƙon. Ɗan aike ne kawai. Yana miƙa saƙon ga D-Bus, hanyar da manhajojin Linux ke magana da juna, ita kuma ta kai wa manhajar da ke riƙe da sunan org.freedesktop.Notifications. A GNOME, GNOME Shell ce ke wannan aiki. A KDE, Plasma. A Xfce, xfce4-notifyd. Wanda ya haɗa teburinsa (desktop) da kansa sai ya sa dunst ko mako, in ba haka ba babu mai karɓar saƙon.

To, kowane mai amfani da na'urar yana da tasa hanyar D-Bus, adireshinta kuma yana cikin DBUS_SESSION_BUS_ADDRESS. A tsarin da ke amfani da systemd, yakan zama unix:path=/run/user/1000/bus, inda 1000 ita ce lambar mai amfani na farko a Ubuntu, Debian da Fedora; umarnin id -u zai nuna ta kowa. Idan ka shiga da sunan root ko na wani daban, ko kuma cron ne ya tashi aikin da tsakar dare, ɗan aiken bai san wannan adireshi ba. Ko ka ba shi, galibi hanyar ba ta buɗe wa wanda ba mai ita ba. Don haka da sunan mai ita za a aika:

sudo -u sunansa env DBUS_SESSION_BUS_ADDRESS=unix:path=/run/user/1000/bus notify-send "A adana aiki"

Har yau ana ba da shawarar a sa DISPLAY=:0, kuma ni a ganina ita ta fi ɓata wa mutane lokaci. A zamanin X11 takan yi aiki, domin ta nan ake lalubo adireshin D-Bus. Amma Fedora ta koma Wayland, magajin X11, tun 2016, Ubuntu ta bi sahu a 2021, kuma abin da saƙon ke nema tun asali D-Bus ne, ba allo ba.

Idan an yi duk wannan allo bai motsa ba, a tabbatar mutumin ya shiga teburinsa, sannan a duba ko ya kunna tsarin hana damuwa. A GNOME, ƙara -u critical yana sa saƙon ya keta wannan shinge ya fito, sai dai a bar shi don abin gaggawa kamar kashe na'ura.