In Gefe Ɗaya Na Injin Babur Ya Fi Ɗaya Zafi

'Yan'uwa manoma, yawancin baburan da ke hanyar Bilbis zuwa Tsafe da Gusau masu silinda ɗaya ne. Amma mai tsohuwar Honda CD175 ko Road Master, injinsa silinda biyu gare shi, kamar shanun huɗa biyu a karkiya ɗaya. In ɗaya ya yi sanyin jiki, ɗayan ne zai sha wahala. Babur ya rasa ƙarfi a hawa, ya riƙa shan mai, wata rana kuwa ya tsaya da buhun taki ko da majinyaci a baya.

Ga yadda muke gane wurin ciwon. Da safe, inji na sanyi, a tayar da shi minti ɗaya. A ɗiga ruwa a kan kowace salansa kusa da inji, ban da taɓawa da hannu. Gefen da ruwa bai yi cuu ba, ba ya cin wuta sosai.

Kada a yi saurin taɓa kafireta. Waɗannan babura kafireta ɗaya ke ba silinda biyu mai, saboda haka laifinta yakan shafi duka biyun.

A kwance fulogi biyu a duba bakinsu. Launin soyayyar gyaɗa, lafiya ke nan. Baƙi ko jiƙe da fetur, wuta ba ta kamawa. Jiƙe da baƙin mai, ringi ya cinye. Fari fat kuwa, iska ta fi mai yawa, shi ne ke kawo zafi fiye da kima. Sai a duba robar da ke tsakanin kafireta da inji, ko ta tsage ta wannan gefe.

Sa'an nan a musanya fulogin, na dama ya koma hagu. In ciwon ya bi shi, fulogi ne, a sa sabo, ratar bakinsa milimita 0.6 zuwa 0.7. In bai bi ba, a musanya wayoyin, gama kwayil ɗaya ke ba su wuta lokaci guda. In ya bi waya, ita ce ko hularta.

In har yanzu ciwon yana nan, to, cikin inji yake. A kashe makulli, a toshe ramin fulogi da babban yatsa, a buga kik. Gefe mai lafiya zai ture yatsa da ƙarfi. Wanda bai ture ba, a kai wa bakanike ya duba ringi, ya daidaita bawul a milimita 0.05, inji na sanyi.

A kuma kankare laka daga haƙarƙarin inji, domin iska kaɗai ke sanyaya shi.

Kada mu ci gaba da hawa da silinda ɗaya. Fetur ɗin da bai ƙone ba yana wanke baƙin mai daga bangon silinda, gyaran fulogi ya koma gyaran inji.