Kada A Fizge Yaro Daga Wasansa

Sa'ad da aka aike mu koyarwar gwaji, ni aka ba ajin ƙanana, 'yan shekara 2 zuwa 3. Ran farko na bar su suna ginin ɗakuna da yashi. Da lokacin abinci ya yi sai na kaɗa ƙararrawa, na bi na kwashe gwangwanayensu. Kai, ban taɓa jin kuka irin na ran nan ba! Wani yaro ya faɗi yana birgima, har aka gama ci bai taɓa kwanonsa ba. Na ce taurin kai ne. Ashe laifina ne.

Abin da mu ke kira wasa, a wurin yaro aiki ne sosai. Wata likita Ba'italiya, Mariya Montessori, wadda ta buɗe makarantar ƙanana a Roma a 1907, ta lura da wata yarinya 'yar wajen shekara 3 tana zura 'yan itatuwa cikin ramummukansu tana fitarwa, fiye da sau 40. Aka ɗaga ta da kujerarta, sauran yara suka yi ta waƙa, ko waiwayawa ba ta yi ba. To, wanda hankalinsa ya shiga abu haka, yaya za ka fizge shi farat ɗaya?

Bayan wannan kuma, yaro bai san agogo ba. In ka ce masa "saura minti 5", daidai ya ke da ba ka ce kome ba.

Wata dattijuwa mai renon yaran ce ta gyara ni. Ta ce, "Malam, ba daga bakin ƙofa a ke kiransu ba." Ita sai ta durƙusa kusa da yaro, ta kira sunansa, ta ce, "Ka cika gwangwani biyu, sa'an nan mu je wanke hannu." Watau ta ba shi iyakar da ya ke gani da idonsa, ta kuma faɗa masa abin da ke biye. In ya cika biyun, sai ta miƙa masa buta ya ɗauka. Ba ta tambayarsa ko yana so, gama lalle "a'a" zai ce.

Na bi hanyarta, na kuma tsai da jerin ayyukanmu ɗaya kullum: yashi, wanke hannu, abinci, barci. Kukan bai ƙare sarai ba, musamman ran da yaro ya zo da yunwa. Amma kafin in bar makarantar, mai birgiman nan shi ke riga kowa zuwa wurin buta.