Ragowar Abinci a Bola: Me Addinin Kirista Ya Ce?

Idan ka taɓa zuwa ziyara Hubbare a Sakkwato, inda kabarin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo yake tun rasuwarsa a 1817, ka san ba maziyarta kaɗai ke cika wurin ba. A bakin ƙofa da lungunan unguwar akwai tsofaffi da makafi da almajirai, kowa da ƙoƙonsa, suna jiran abin da Allah zai kawo. To tuna bikin da ka je kwanan nan a cikin garin. Shinkafa nawa aka kwashe daga faranti aka juye a bola?

Musulmi ya san hukuncin almubazzaranci tun yana yaro. Maƙwabcinka Kirista fa, mai zuwa coci ranar Lahadi, me littafinsa ya ce masa?

Babu ayar da ta fito fili a Littafi Mai Tsarki ta ce zubar da abinci zunubi ne. Daga labarai ake ciro hukuncin. A Yohanna sura 6, Yesu ya ciyar da mutum kusan 5,000 da gurasa 5 da kifi 2. Da kowa ya ƙoshi sai ya sa almajiransa su tattara gutsattsarin don kada ya salwanta, aka cika kwando 12. Ka duba fa: wanda aka ce ya yawaita abincin da mu'ujiza, shi ne bai yarda a bar ragowar a ƙasa ba. A Fitowa sura 16 kuwa, Isra'ilawan da suka ɓoye manna har gobe, bayan an hana su, sun wayi gari ta yi tsutsa tana wari.

Amma labarin da ya fi kama da ƙofar Hubbare yana Luka sura 16. Wani attajiri ne ke shagali kullum, ga matalauci mai suna Li'azaru kwance a ƙofarsa, jiki duk miki, yana marmarin abin da ke faɗowa daga teburin. Ba a ce attajirin ya yi sata ba, ba a ce ya doki kowa ba. Wucewa kawai yake yi, kuma a azaba ya ƙare. Paparoma Francis ya bi wannan sawu a wasiƙarsa ta Laudato Si' a 2015, inda ya kamanta abincin da aka zubar da abin da aka sace wa talaka.

A ganina laifin a nan yake. Uwargidan da miyarta ta yi tsami saboda an ɗauke wuta, ga zafin Afrilu ya haura digiri 40, asara ta yi, ba zunubi ba. Haka manomin da albasarsa ta ruɓe a ajiya kafin ta kai kasuwa. Wanda za a tuhuma shi ne mai dafa buhu guda don a ce ya isa, ya san rabi ba zai ciwu ba, ya kuma san hanyar Hubbare. Abin ba ƙarami ba ne: a 2011 hukumar abinci ta Majalisar Ɗinkin Duniya, FAO, ta ƙiyasta kusan kashi 1 cikin 3 na abincin da ake samarwa a duniya yana lalacewa ko a zubar.

Iyayenmu, Musulmi da Kirista, ba su jira rahoto ba. Tuwon dare ya zama ɗumamen safe, ƙanzo a shanya a ajiye, dusa ta tafi ga awaki.

Sai dai uwargida, a kula da abu guda. Kada a bar abinci ya kwana biyu, ya fara yauƙi, sannan a tuna da almajiri. Wannan ba sadaka ba ce, an dai mayar da cikin yaro bola. Idan za a fitar, tun ana kwashe tukunya a ware nasa kwanon, a aika da shi da zafinsa.