Katin Memori Ba Ya Ƙara wa Rauta Gudu

Wata magana ta bazu tsakanin masu shagunan intanet da masu POS daga Talata Mafara zuwa Bakura da Maradun, cewa idan sabis ya yi nauyi, a kai rauta wurin mai gyara ya ƙara mata memori. Wasu har katin gig 32 suke saya, irin na waya, su zura a 'yar ƙofar da ke jikin MiFi, su zauna jiran gudu. Abin yana ci mini rai, domin kuɗin talaka ne ke salwanta.

Wannan ƙofa an yi ta ne don ajiye hotuna da takardu, ba ruwanta da gudun intanet. Memorin da rauta ke aiki da shi daban ne, RAM ake ce masa. A nan take riƙe lissafin wace waya ta nemi me, da kuma inda za a mayar da amsa. A ƙananan rautocin shagunanmu, RAM liƙe yake da dalma a jikin allon na'urar, ba a zare shi balle a sauya. MikroTik hAP lite megabait 32 gare ta, hEX kuma 256, kuma a haka za su ƙare. Duk wanda ya karɓi kuɗinka kan zai ƙara musu, ka tambaye shi ta ina.

Mai noman rani a Bakolori ya fi kowa gane batun. Idan ruwa ya ragu a babbar magudana, faɗaɗa fangali ba zai kawo ko ɗigo ba, sai ma a yi asarar gumi. Haka intanet ɗinmu yake. Galibi daga turken sadarwa matsalar ke tasowa: dizal ya ƙare, ko an yanke waya a hanya, ko jama'a sun yi wa turke ɗaya yawa da magariba. Mun gani a Satumban 2021, lokacin da hukumar NCC ta sa aka rufe layukan Zamfara bisa buƙatar gwamnatin Bello Matawalle. Rautar da ta fi kowace tsada ma ba ta shigo da saƙo ko guda ba.

Akwai inda ƙarancin memori ke zama cuta ta gaske, wato manyan rautocin kamfanonin sadarwa. Ran 12 ga Agusta 2014 jerin hanyoyin intanet na duniya ya haura 512,000, wasu tsofaffin na'urorin Cisco suka kasa ɗauka, sabis ya yi tangal-tangal a wurare da dama. Irin waɗannan su ake yi wa gyaran saiti ko ƙarin memori, kuma injiniyoyi ne ke yi.

A shago kuwa alamar ba ta ɓuya. Mutum biyar suna kan rauta lafiya lau, da an kai talatin sai ta sanƙare, a kashe a kunna ta dawo. To nan na'urar ce ta yi kaɗan, sai a rage masu hawa ko a sayi babba. Kafin nan ma a taɓa jikinta a ji, domin da yawa a rataye suke dab da kwanon rufi, zafin bazara na gasa su, ƙura ta toshe ƙofofin iska.

Ina ma masu sayo wa makarantu da cibiyoyin jarrabawar JAMB kayan aiki za su duba nan. Ana jera kwamfutoci ɗaki guda, a haɗa su da 'yar rautar gida, ba a kuma horar da ko mutum ɗaya da zai iya buɗe shafinta ya ga memorin da ya rage.