Wane irin dutse ya dace da kantar kicin na tsakar gida?

A yawancin gidajen Najeriya, manyan girke-girke kamar na Sallah da suna da biki a waje ake yin su, saboda hayaƙi da kuma girman tukwane. Wannan ya sa masu gina sababbin gidaje ke ware kicin a tsakar gida, a sa masa kanta da wurin wanke-wanke. Sai dai abin da ya dace da kicin na cikin ɗaki ba lallai ne ya jure zaman waje ba, inda zafi kan haura digiri 40 a Sakkwato da Maiduguri cikin watan Afrilu, ga ƙurar hunturu, ga ruwan damina.

Dutsen giranit shi ne ya fi cancanta a mafi yawan wurare. A ma'aunin taurin duwatsu na Mohs, wanda ke tashi daga 1 zuwa 10, yana tsakanin 6 da 7, don haka da wuya wuƙa ta karce shi, kuma rana ba ta kashe masa launi. Ana samun sa a kasuwannin kayan gini irin su Dei-Dei a Abuja da Ƙofar Ruwa a Kano, galibi mai kaurin santimita 2 ko 3, kuma mai kaurin ya fi ɗaukar nauyin babbar tukunya. Abu biyu ne ya kamata mai saye ya lura da su. Baƙin giranit yana shan zafin rana har ya gagari taɓawa da tsakar rana, saboda haka mai haske ya fi dacewa inda babu rumfa. Shi kuma mai hasken ya fi yawan ƙananan ƙofofin da ido ba ya gani, waɗanda manja ke shiga ya bar tabo. Gwajin mai sauƙi ne: a ɗiga ruwa a kan dutsen a jira mintoci kaɗan, idan wurin ya yi duhu, dutsen yana sha, kuma yana bukatar a shafa masa maganin toshe ƙofofi lokaci zuwa lokaci.

Mabul ya fi kyau a ido, kuma akwai shi a cikin ƙasa, a Igbeti ta Jihar Oyo da Jakura ta Jihar Kogi. Amma taurinsa bai wuce 3 zuwa 4 ba, kuma duk wani abu mai tsami yana cin fuskarsa. Kicin ɗin da ake yanka tumatir da lemun tsami, a jiƙa tsamiya, ba wurin zamansa ba ne.

Wanda ya fi yaudarar masu saye shi ne dutsen masana'anta da ake kira kwats. Garin dutse ne kimanin kashi 90 cikin 100, aka haɗe shi da ƙaron roba. A cikin ɗaki ba shi da laifi, domin ba ya shan mai, amma hasken rana yana lalata ƙaron, farin ya koma rawaya, tukunya mai zafi kuma tana iya ƙona shi. Akwai kuma batun lafiyar masu yanka shi: ƙurarsa tana haddasa ciwon huhu marar warkewa, dalilin da ya sa Ostareliya ta haramta amfani da shi daga 1 ga Yulin 2024. Shi ma giranit yana da irin wannan ƙura, ko da yake bai kai shi ba, don haka a riƙa yanka shi da ruwa.

Ga mai ƙaramin ƙarfi, kantar kankare da aka zuba da rodi tana biyan bukata, muddin aka riƙa ba ta ruwa aka kuma bar ta ta kai kwana 28 kafin a ɗora mata nauyi. Gaggawar birkila ce ke jawo yawancin tsagewar da ake gani. Idan za a lulluɓe ta da tayil, a zaɓi manyan falle, domin a layin da ke tsakanin tayil ne maiƙo da datti ke taruwa.

Ƙarfen da ba ya tsatsa, irin na gidajen abinci, ya fi komai sauƙin wankewa, amma iri-iri ne. Mai lamba 304 ya wadatar a Arewa. A Legas da Fatakwal, inda iska ke ɗauke da gishirin teku, mai lamba 316 ya fi jurewa. Mai lamba 201 ya fi araha, kuma shi ne ya fi saurin nuna tsatsa. Katako kuwa, gara da damina sun isa su raba shi da wannan aiki.

Ko wanne aka zaɓa, a ɗan karkata kantar domin ruwa ya gangara, a sa tsayinta kusan santimita 90, kuma a raba murhun gawayi da dutsen ta hanyar bulon da ke jure wuta, domin zafi mai tsanani a wuri guda yana iya tsaga ko da giranit ne. Turmi kuma a bar shi a ƙasa.