Kumburin Nono ga Mai Jego

A karkarar Birnin Kudu da Gwaram, kamar Kwandiko, idan nonon mai jego ya kumbura, ya yi zafi, zazzaɓi ya rufe ta, akan ce nonon ya ɓaci, a hana jariri sha. To, wannan hanin shi ke ƙara ta'azzara ciwon.

Cikin nono akwai ƙananan hanyoyi da ruwansa ke bi. Idan ruwan ya taru, naman da ke kewaye yakan kumbura ya matse hanyoyin nan. Wani lokaci ƙwayar cuta mai suna Staphylococcus aureus takan shiga ta tsagewar kan nono, wadda galibi rashin kamun kirki na jariri ke jawowa. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2000 ya nuna an fi samun ciwon cikin makonni 12 na farko bayan haihuwa.

Ruwan nonon ba ya cutar da lafiyayyen jariri, amma yaye na farat ɗaya kan sa mugunya ta taru. Don haka a ci gaba da shayarwa, a ɗora tsumma mai sanyi, kada a murza da ƙarfi. Idan zazzaɓi ya kwana bai sauka ba, sai asibiti, kamar Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Birnin Kudu, ba sakiyar wanzami ba.